Kujerar Hukuma a Cikin Ruwa

Tun da na dawo daga Tudun Bado ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk inda na zauna sai wani ya ce, "Honarabul, wai da gaske ne an gan ka tsamo-tsamo cikin ruwa da lauje a hannu?" Jiya ma a teburin mai shayin bakin kasuwa sai da na maimaita labarin, don wani ya iso a makare. To na gaji. Ga shi nan na rubuta, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa, in ci gaba da shan shayina.

Ni kansila ne a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin ƙasar Haɗeja, ba sai na kama suna ba. Kafin siyasa hula nake sayarwa, kuma har gobe ita ce sana'ata. A majalisa aka sa ni cikin kwamitin da zai tsara ƙa'idar yadda hukuma za ta riƙa tallafa wa tarukan jama'a, don abin ya lalace. Kowa ya yi suna ko ya aurar da ƙanwa sai ya ce taron al'umma ne, a kwashi rumfunan hukuma da kujeru da lasifika, su dawo a karye, in ma sun dawo. Mai uwa a gindin murhu ya samu, makarantar da ke son yin bikin sauka ta rasa.

Muka zauna, muka ja magana har muka gaji da juna, muka fito da daftari. Taro sai an sanar da ranarsa tun saura wata guda, sai ya kasance cikin iyakar ƙaramar hukumarmu, kuma tallafi iri ɗaya ne ga kowa, wato rumfa da kujeru da lasifika. Ni kam tsarin ya yi mini, don ya toshe ƙofar alfarma. Abin da ya rage a karanta shi a zauren majalisa, a kaɗa ƙuri'a, Ciyaman ya sa hannu.

Kafin ƙuri'a akan buɗe ƙofa jama'a su faɗi ra'ayinsu. Ranar ce wata mata ta miƙe daga can bayan zaure, doguwa, mai murya kamar ta saba magana daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ta ce sunanta Yagana, 'yar Sarkin Ruwan Tudun Bado.

"Ranku ya daɗe, gayyarmu tana cikin dokar nan ko tana waje?"

Kakakin majalisa ya ce ta yi bayani. Ta ce ciyawar kacala ce ke toshe mashigar da ke kai ruwa gonakin shinkafarsu, kuma duk shekara ƙauyukan gaɓa biyu kan haɗu su sare ta. Abin da suke roƙo, a ara musu jirgin hukuma mai inji ya ɗebo musu mutanen ƙauyukan nesa, a ba su ma'aikacin lafiya saboda yanka da sarar maciji.

Na ce, "Wace rana ake yi, Malama?"

"Sai ruwa ya faɗa, ranka ya daɗe."

Zaure ya kwashe da dariya, kuma gaskiya tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Na ce, "A ina ake yi?" Ta ce rabi a ƙasarmu, rabi a ta maƙwabta. Ke nan gayyar ta faɗi ta ko'ina. In aka amince da daftarin yadda yake, ba ta ciki, kuma ba za ta taɓa shiga ba. Kakaki mutum ne mai son a gani da ido. Ya ɗage ƙuri'a, ya ce tunda Honarabul ya fi kowa jin daɗin maganar, shi zai je, kuma ya tafi da tallafin daidai yadda daftari ya ce, a gwada a gani. Yagana ta ji an ambaci kujeru, ta yi ɗan murmushi ta ce, "To, Allah ya kawo ku lafiya."

Ruwa ya faɗa a ƙarshen bazara. Yagana ta bugo waya ta ce jibi ne, mu taso gobe. Aka ba mu a-kori-kura, aka loda kaya, sai ga Malam Sabo mai kula da siton hukuma ya fito da jakarsa. Na ce ina zuwa? Ya ce inda kujerunsa za su. Wanda bai san Malam Sabo ba, mutum ne da in ka ari tsintsiya a wurinsa sai ya biyo ka ya ga irin sharar da kake yi da ita. Kowace kujera shi da hannunsa ya rubuta sunan hukuma a bayanta da jan fenti.

Muka tsaya a Haɗeja muka sayi burodi da goro na gaisuwa, muka bi kwalta har ta ƙare, muka faɗa burji. Daga nan hanya ta zama abin da shanu suka ga dama. Direba ya yi ta fama har muka iso wani wuri da laka ta kama ƙafar baya, ya kashe mota ya ce shi iyakarsa ke nan, yana da iyali. 'Yan acaɓa suka taho kamar dama jiranmu suke. Aka ɗaure kujeru a bayan babura, tuli bisa tuli, aka kwantar da ƙarafan rumfa a gicciye. Malam Sabo ya ƙi yarda ya hau babur ɗin da ba kaya. Ya zauna a tsakiya, tulin kujeru na dukan ƙeyarsa, yana ta faɗa wa mai babur, "A hankali, ɗan nan, kayan gwamnati ne." Mai babur ya ce, "Baba, kai fa?" Ya ce shi ma na gwamnati ne, amma kujerun sun fi shi tsada.

A bakin ruwa muka tarar da kwale-kwale biyu da Yagana ta turo. Ni haifaffen gari ne, ruwan da na sani na buta ne. Da na sa ƙafa jirgin ya yi wani lilo, na kama wuyan mai tuƙi ban ma nemi izini ba. Ya ce in zauna a ƙasa in daina kallon ruwa. Na zauna, babbar rigata ta sha ruwan cikin jirgi, na yi ta salati a zuci don kada Malam Sabo ya ji ya kai labari sakatariya. Daga baya na waiwaya na ga shi ma idonsa a rufe yake, ya rungume lasifika.

Kacala sai ka gan ta. Ta fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, ta cika ruwa dam, jirgi na bin wata 'yar siririyar hanya a tsakiyarta. Tsuntsayen jan-baki na tashi daga cikinta garke-garke, mai tuƙi ya ce nan suke kwana, da safe su faɗa wa shinkafa. Can muka iso wani ƙarfe a tsaye cikin ruwa, allonsa ya yi tsatsa, wani tsuntsu na zaune a kai. Mai tuƙi ya ce iyakar ƙaramar hukumarmu ke nan, dole mu ɗan ratsa ta maƙwabta kafin mu zagayo Tudun Bado.

Malam Sabo ya buɗe ido. "Tsaya. Kayan nan ba sa ƙetare iyaka."

Mai tuƙi ya ce to sai dai su sauka su jira mu a nan. Na ce, "Malam Sabo, rufe idonka yadda ka yi ɗazu, in mun wuce zan gaya maka." Ya yi tsaki, ya rufe.

Tudun Bado ɗan tudu ne da gidaje suka taru a kai kamar kaji a kan dakali. Yara da manya suka fito kallon kaya. Ba wanda ya yi mana dariya a fili, mutanen kirki ne, amma na ga tsofaffi na kallon kujerun suna kallon juna. Yagana ta kai mu wurin mahaifinta, Baba Maina Sarkin Ruwa. Tsoho ne mai faɗin ƙirji, hannuwansa har yanzu na maza ne, amma ƙafafunsa sun kumbura, yana zaune a tabarma ya jingina da bango. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa goro.

"Kai ne mai dokar?"

"Ni da wasu ne, Baba."

"Kai ne ka yi wa 'yata dariya?"

Na ce ai kowa ya yi. Ya ce an gaya masa tawa ta fi. Sai ya kama hannuna ya zaunar da ni kusa da shi, ya ce ba komai, shi ma da ya ga kujeru ya rama. Na tambaye shi yadda ruwa ke faɗar rana. Ya ce ba wani asiri, in ruwan mashiga ya sauka ya tsaya a ƙugun mutum, lokacin ne za ka iya tsayawa ka sari kacala daga gindi. In ya fi haka nitsewa za ka yi, in ya gaza haka laka ta riƙe ka. Kuma saukarsa ba a hannunsu take ba, wata shekara ya yi sauri, wata shekara a sako ruwan dam daga can saman kogi ya koma ya cika.

Daga nan ya ce, "Ɗana, jirgi muna so, mai magani muna so. Amma abin da ya fi damuna daban ne. Samarinmu sun fara zamewa. Suna ganin a gari in an yi taro hukuma ta zo, a nan kuwa ba ta ma san sunan abin da muke yi ba. Abin da hukuma ba ta san sunansa ba, yaran yanzu ba sa ɗaukarsa komai. In na kwanta dama, ban san wanda zai kira gayya a amsa masa ba. In kuwa aka bar ta shekara biyu, mashiga ta toshe, garin nan tashi zai yi."

Maganar ta zauna mini a ƙirji. Ga daftarin kuma yana cikin jakata.

Aka sauke mu a ɗakin baƙi na gidansa. Aka kawo burabusko da miyar busasshen kifi, irin wadda in ka ci sai ka ji haushin duk kifin da ka taɓa saya a gari. Malam Sabo ya ci ya ƙara, ya ce a gaya wa mai girki hukuma ta gode. Sauron Tudun Bado kuwa ba ya tsoron hayaƙi, ba ya tsoron gidan sauro, ba ya sanin Honarabul. Da safe na tashi fuskata kamar an yi mini shasshawa.

Bayan sallar asuba jirage suka fara isowa daga gaɓa biyu, kowa da laujensa ko adda. Wani Ardo ya zo da mutanensa da ƙoren nono, don shanunsu ma a mashigar suke sha. Amma na ji ana ta lissafa ƙauyukan da ba su zo ba, na nesa, waɗanda tuƙin hannu zai cinye musu rabin yini. Su ne jirgi mai inji zai ɗebo, jirgin da na baro a harabar sakatariya kaji na ƙwai a cikinsa.

Mu kuma muka shiga aikinmu na hukuma. Muka kafa rumfa a bakin gaɓa, muka jera kujeru sahu-sahu, Malam Sabo ya goge su da tsumma. Muka zauna mu biyu a sahun gaba. Ba wanda ya zo ya zauna. Kowa ya wuce mu ya gaishe mu da ladabi ya faɗa ruwa. Can mata suka aiko a tambaya ko za a ara musu rumfar, rana na dukansu a wurin girki. Lasifika kuwa liman ya riga ya karɓe ta tun asuba.

Mutane suka jeru cikin ruwa har ƙugu, amma ba wanda ya ɗaga lauje. Na tambayi Yagana me ake jira. Ta ce al'ada ce, ba a fara sara sai Sarkin Ruwan garin da ke karɓar gayya ya shiga ruwa ya yanke damin farko da hannunsa. Bana kuwa Baba ko tsayuwar sallah ba ya iyawa. Aka kawo shi a jirgi, maza biyu suka sauke shi suka riƙe shi ta hammata. Ya ce su sake shi. Suka sake, ƙafafunsa suka lanƙwashe, suka yi maza suka tare shi. Ya sake cewa su sake shi, aka sake yin haka. Daga ɓangaren maƙwabta wani dattijo ya ce, cikin ladabi dai, ko a bar nasu Sarkin Ruwan ya yanka, rana na yi. Na ga fuskar Baba Maina, na ga Yagana ta juya baya tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Wallahi tausayi ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Ban ga lokacin da Malam Sabo ya tashi ba. Sai dai na hango shi ya naɗe ƙafar wando, ya ɗora kujera ɗaya a ka, yana shiga ruwa yana ɗaga ƙafa kamar zalɓe. Ya isa wurin, ya danna ta cikin laka da ƙarfinsa har ta kafu, ya ce, "Baba, zauna. Hukuma ce ta kawo maka."

Baba Maina ya dubi kujerar, ya dubi jan rubutun da ke bayanta. Ya ce a juya ta yadda rubutun zai fuskanci mutanen waccan gaɓar. Aka juya. Ya zauna, ruwa ya kawo masa ƙirji, ya yi bismillah, ya zura hannu ƙasa ya kamo kacala, ya ja lauje sau ɗaya ya ɗaga damin sama. Mata suka rangaɗa guɗa daga ƙarƙashin rumfarmu, makaɗi ya saki ganga, lauje ya fara aiki ta ko'ina.

Yanzu ga amsar masu tambayar yadda aka yi na jiƙe. A gari in ana taro, manya ake fara kai wa abinci a babban tebur, masu aiki su ci saura. A Tudun Bado wanda bai jiƙe ba shi ne na ƙarshe. Da azahar ta gabato na ga ana ta wucewa da akusan tuwon shinkafa ana kai wa masu fitowa daga ruwa, ana tsallake ni. Malam Sabo na zaune da jiƙaƙƙen wandonsa yana ta loma, har da kan tarwaɗa. Na ce, "Malama Yagana, an manta da baƙo ne?" Ta ce, "Ba a manta ba, ranka ya daɗe, a bushe kake." Na cire babbar riga da hula, na ari lauje, na shiga. Na sari abin da Allah ya nufa, kacala ta yanke ni a yatsa, matsattsaku ya kama ni a ƙwauri, wani tsoho ya cire mini shi yana cewa jinin 'yan siyasa zaƙi gare shi. Amma na ci tuwo da zafinsa.

Aikin bai ƙare ranar ba, hannu ya yi kaɗan. Sun buɗe fiye da rabi, suka ce sauran sai a hankali. Kafin mu taso wani saurayi ya yanke a ƙafa, aka ɗaure da tsumma aka sa shi a jirgi zuwa asibitin da ke nesa. Muna haɗa kaya Malam Sabo ya je ɗauko kujerar, ya tarar an fito da ita an wanke, Baba Maina na zaune a kai a ƙofar gida. Ya tsaya ya yi ta kallonsa, ya juyo ya ce mini mu tafi, rana na faɗuwa.

A zaman majalisa na gaba na ba da rahoto. Na ce daftarin da na sa hannu a kai yana da kyau ga taron gari, amma bai san ruwa ba. Na kawo gyara: tarukan da ke bin ruwa ko damina a sanar da lokacinsu a dunƙule, dagaci ya tabbatar da ranar in ta matso, a tambayi masu taro abin da suke buƙata cikin kayan da hukuma ke da su, kuma iyaka kada ta hana, in dai mutanenmu ne ke yi kuma amfanin na dawo mana. Wani kansila na cikin gari ya miƙe ya ce in aka buɗe wannan ƙofa, gobe kowane mai biki zai ce shi ma ruwa yake jira. Maganarsa gaskiya ce, ban ji daɗinta ba amma gaskiya ce. Aka yi ta ja, har aka tsaya a kan cewa sai an ambaci irin tarukan da sunansu a cikin ƙa'idar, kada kowa ya fake da su. Maganar iyaka kuwa rabi na samu: jirgi zai iya ƙetarawa da direban hukuma, amma ya kwana a gida.

Kafin ƙuri'a kansilan nan na cikin gari ya ce ya ji an ce kujera ɗaya ba ta dawo ba, a kira mai sito. Malam Sabo ya shigo ya tsaya ƙiƙam. Kakaki ya ce, "Malam Sabo, an ce kujerar hukuma ta ɓata a hannunka."

"Ba ta ɓata ba, ranka ya daɗe. Tana bakin aiki."

Ya ba da labarin da bakinsa, a gajarce, ba ƙari. Wanda duk ya san Malam Sabo ya san abin da ake nufi da ya bar kujera a wani gari ya dawo ya yi barci. Aka kaɗa ƙuri'a, gyara ya wuce, Ciyaman ya sa hannu a makon. Sunan farko a jerin tarukan shi ne gayyar sarar kacala.

Na buga wa Yagana waya, ta kai wa Baba. Na karanta masa wurin da aka ambaci gayyar. Ya ce in sake, a hankali, Yagana ta ƙara muryar wayar samarin da ke wurin su ji. Na sake. Sai na ji ya gyara murya ya ce, "To madalla. Ka gaya wa mai kujeru baɗi ya taho da jirgi, kujera kam muna da ita. Kai kuma ka zo da wandon da ba ka jin tausayinsa."